Ranar da Baba Ya Kira Ni Cikin Hazo

Ashe azumi yakan yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo ya sake samun mutum a irin lokacin da ya taɓa samunsa. Ban san haka ba sai bana, da maigidana ya karanto a waya yana ta murna kamar shi ya gano abin. Ni kuwa jikina ya riga wayarsa gaya mini. Ranar ɗaya ga wata na fito barandar gidanmu a kudancin Jidda, iskar teku ta buge ni da ɗan sanyi-sanyinta, sai gabana ya faɗi. Irin wannan azumin ne, na ƙarshen sanyi, muka yi a kan dutse ina 'yar shekara goma sha shida. A cikinsa ne Babana ya kira ni cikin hazo na yi shiru, ya mutu. Har zuwa wannan azumin ban taɓa faɗa wa kowa ba. Innata ta rasu bara ba ta ji daga bakina ba, mijina kuma iyakar abin da ya sani shi ne surukinsa ya faɗo daga dutse tun kafin a san za a yi aurenmu.

Mijin nawa, Abu Faisal, shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa. Da ya yi ritaya sai zama ya gagare shi. Wata biyu cur yana bi na kicin yana koya mini yankan albasa, ni da nake dafa masa abinci tun yana da gashi. Ina cikin addu'ar Allah ya kawo masa abin yi, sai ga shi wata la'asar ya shigo layinmu da karafan, wato motar nan mai ɗaki a baya. Da gado a ciki, da murhun gas, da 'yar firji, da banɗakin da sai mutum ya shiga da baya. Wani makaniki ne a Madinar Masana'antu ya sayar masa, tsohuwa ce amma an shafe ta da fenti.

"Ya Ummu Faisal, fito ki ga gidanmu na biyu!"

"Na farkon ma famfonsa yoyo yake yi."

"Halas, bar maganar famfo. Yara sun yi aure, ba mai jiranmu. Mu hau dutse mu sha iska, ni da ke da Mishmish da Kaftin."

Mishmish mage ce ja, ya tsinto ta a sito tana jaririya, ya shayar da ita da sirinji. Kaftin kuwa aku ne da wani ma'aikacin jirgi ya bar masa. Ba ya salati, ba ya sallama, abin da ya iya kawai ƙarar injin kwantena in yana ja da baya, da kuma tarina. Waɗannan biyun Abu Faisal ya fi tambayar lafiyarsu a kan tawa, kuma na sha gaya masa.

Sati guda ina ƙi. Daga baya, ban san me ya taɓa ni ba, na ce masa, "In dai za a hau, to mu je inda aka binne Baba." Bai taɓa jin ko sunan ƙauyen a bakina ba. Ya ce, "Taib, shi ke nan. Yalla, ki haɗa kaya."

Muka tashi bayan asuba ranar sha biyar ga wata. Mun san matafiyi yana da rangwame, amma dukanmu biyu muka ƙi ajiye azumin, shi don taurin kai, ni don ina jin kunyar zuwa wa Baba da cikina cike. Muka wuce Ɗa'if muka yi kudu, hanya tana ta lanƙwasa, kunnuwana suka toshe. Mishmish ta yi amai a kan abayata. Kaftin yana ta ƙarar ja da baya, har sau biyu Abu Faisal ya taka birki yana duba madubi. Muka kwana a hanya, washegari da azahar muka isa.

Kwalta ta kai har inda a da jaki ne kawai yake iya hawa. Amma ba kowa. Gidajen dutsen suna nan, rufinsu ya rufta, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Gonakin da suke hawa-hawa kamar matakala sun cika da ƙaya, katangunsu sun zube. Maƙabarta ma na gane ta, sai dai duwatsu ne tsaitsaye iri ɗaya, ba suna ba alama. Na yi ta zagaye ban san wanne ne nasa ba, na yi musu addu'a gaba ɗaya. Abu Faisal ya ajiye karafan a wani fili sama da gona ta ƙarshe, don ya ce nan ne ƙasa ta fi daidai. Ban gargaɗe shi ba. Daga filin zuwa bakin kwazazzabo, inda dutsen ya yanke ya faɗa ƙasa, bai fi taku ɗari ba ta yamma.

Da la'asar ina haɗa shorba, romon buɗe-baki, na leƙa taga na ga birai sun jeru a kan katanga, manya da ƙanana. Ba faɗa, ba neman abinci, duk sun juya mana baya suna kallon yamma. Kaftin da tun Jidda bai rufe baki ba ya yi tsit, ya kumbura gashinsa. Sai ga hazon. Ba daga sama yake zuwa ba, daga cikin kwazazzabon yake hawowa, fari, a hankali, ya cinye bishiyoyi, ya cinye biran, ya zo ya manne a gilashi.

Laifina ne abin da ya biyo baya. Na buɗe ƙofa in zubar da ruwan wankin shinkafa, Mishmish ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta fice. Kafin in ce wani abu Abu Faisal ya zura silifa ya bi ta.

"Kada ka fita! Wallahi kada ka fita!"

"Daƙiƙa ɗaya, ya sheikha. Birai za su yaga ta."

Taku huɗu ya yi na daina ganin farar rigarsa. Na ji yana kiran magen, sannan na daina ji. Wayarsa tana kan tebur a caji. Makullin mota yana aljihunsa, na danna hon ya ƙi kuka. Na tsaya bakin ƙofa na buɗe baki in kira shi, abin da ya fito bai fi muryar mai mura ba. Minti goma, minti ashirin. Ina nan tsaye sai na ji an yi kira daga yamma, daga wajen kwazazzabo.

"Uwata!"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kira na haka, Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hafsatu, wadda ta rasu a hanyarsu ta zuwa hajji yana saurayi, don haka bakinsa bai taɓa iya furta sunana ba. Na ja ƙofa na rufe, na murza sakata, na zauna a ƙasa tsakanin firji da gado. A nan zaunen ne wancan azumin ya dawo mini gaba ɗayansa.

Yunwa ce ta kai mu dutsen. Baba ɗan dako ne a tasha, buhu ya murɗe masa baya, wata uku yana kwance. Inna tana sayar da gyaɗa da yaji a kasuwar Bab Makka, amma faifan gyaɗa ba ya ciyar da baki shida. Kusa da inda take zama akwai wani tsoho mutumin dutse mai sayar da zuma da man shanu, Amm Sa'id. 'Ya'yansa duk sun tafi birni aiki, alkamarsa ta kusa nuna ba mai tsaro ba mai yanka. Ya ce wa Baba mu zo mu zauna har girbi, a raba. Baba ya yi noma a ƙuruciyarsa can ƙasar Hausa, kuma kullum yana ba mu labarin gona kamar labarin Aljanna. Ko shawara bai tsaya yi ba. Muka hau bayan motar tumaki, mu da ƙannena uku da tabarmi da tukunya.

Mu 'yan Jidda ne, zafi muka sani. Da rigunan shan iska muka tafi, da silifan roba, da zannuwa biyu na rufa. Daren farko Inna ta kwance buhunan da muka zubo kaya a ciki ta lulluɓe yaran da su. Amm Sa'id ya ba mu wani ɗakin dutse da awaki suka taɓa zama, mai taga ɗaya wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Kwana uku da zuwanmu aka ga wata.

Azumin Jidda ƙishirwa ne. Wannan kuwa yunwa ce tsantsa, wadda sanyi yake ƙara wa kaifi. Da sahur gurasar sha'ir ce, wadda matar Amm Sa'id ta koya wa Inna gasawa a kan dutse mai zafi, a rufe ta da toka. Sai shayi ba sukari. Ruwan alwala kuwa in ka zuba a hannu sai yatsun su ƙi lanƙwasuwa. Da gari ya waye Baba da Amm Sa'id su fita gyaran katangun da ruwan sama ya rusa, dutse bayan dutse, Baba yana yi yana dafe ƙugu. Inna ta zauna niƙa da matar gidan, ba mai jin yaren wata sosai, don Larabcin dutse daban yake da na Jidda, suna yi da hannu suna dariya. Ƙannena suna ɗaki suna tari. Ni aka ba gona ta can sama, da tsohuwar garwar kananzir da sanda da majajjawa, in hana birai cin alkama.

Aikin ba wuya a baki. Ka zauna kan katanga tun hantsi har rana ta yi ja, kana buga garwa. Amma birin dutse ya san mace, ya san yaro, ya san mai azumi. Sai su aiko ƙanana ta gefe ɗaya, in na bi su da jifa manyan su faɗa ta ɗaya gefen su cika baki da zangarniya. Wani lokaci in zauna ina kallonsu suna tauna, yawuna yana tsinkewa, ina jin haushinsu har da hawaye. Ruwa yakan sauko ba gargaɗi, siriri mai sanyi, ya jiƙa ni har ciki, iska ta busar, ya sake saukowa. Itacen duk jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa, idanunmu kullum ja. Da magariba Amm Sa'id ya hau soronsa ya kira salla, mu sha ruwa da dabino uku-uku, sai romon waken lubiya wanda in ka dube shi kana ganin gindin kwano. Baba yakan ture mini dabinonsa ɗaya ya ce, "Uwata ce ke yaƙi da birai, ita ta fi mu aiki." Duk da wannan wahala, ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta lokacin ba. Yakan murza zangarniya a tafinsa ya hura, ya nuna mana ƙwayar kamar zinariya ya tsinto.

Inna ce ba ta yarda da wurin ba. Tun satin farko ta lura in an yi magana a gona ta ƙasa sai a ji ta ta fito daga wani wajen. Bishiyoyin ar'ar masu gemu-gemu a rassa suna ɗigar ruwa ko ba a yi ruwa ba. Ga hazon da mutanen wurin suke kira dabab, wanda yakan rufe ƙauyen da rana tsaka har mutum ya miƙa hannu ya rasa yatsunsa. Wata safiya tana ɗaura mini buhu a kafaɗa ta riƙe ni ta ce, "Saurara, Hafsatu. Wannan dutsen da masu shi. Mutanen ɓoye suna aron muryar wanda kika sani. In kin ji an kira ki ba ki ga fuska ba, ko muryata ce, ki ja bakinki. In kika amsa sun samu hanya." Ta ce haka kakarta ta hore su tun a gida, kuma ta san wata da ta amsa a bakin rafi, ta dawo ba ta sake gane 'ya'yanta ba. Inna ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta yi take zama.

Ranar sha bakwai ga azumi itace ya ƙare ƙarƙaf. Baba ya ɗauki igiya da gatari bayan azahar, ya biyo ta gonata ya ce zai hau gangaren gabas. Na gan shi da idona ya yi gabas. Abin da ban sani ba, bai samu busasshe a can ba, sai ya zagaya ta bayan tudu ya koma bakin kwazazzabo, inda iska take busar da matattun rassa.

Hazon ya hawo da la'asar sakaliya. Na saba da shi, na ci gaba da buga garwata, don birai sun fi ɓarna in ya rufe. Can sai na ji, "Uwata!" Na ɗaga sanda na tsaya. Muryar Baba ce sak, har da 'yar shaƙewar da azumi yake sa masa. Amma daga yamma ta fito, kuma kamar daga ƙasa, daga inda na san babu hanya, babu gona, babu komai sai iska. Baba kuma yana gabas. Na ajiye sandan a hankali don kada garwar ta yi ƙara. Na sulale bayan katanga na tsuguna, na toshe bakina da hannu biyu, ina karanta duk abin da na haddace a zuci.

Aka sake kira. Aka sake. Wani ya zo kusa har na ji kamar in na miƙa hannu zan taɓa mai shi, wani ya yi nisa. A ɗaya ya ce, "Uwata, buga garwar mana!" Na ce a raina, ji makirci, har garwar sun sani. Ina ƙirgawa, ina jin daɗin kaina, ina cewa Inna za ta yi alfahari da ni. Wannan jin daɗin shi ne abin da na kasa yafe wa kaina. Daga nan sai na ji tsakuwa tana gangarawa, ba da ƙarfi ba, kamar akuya ta taka gefen katanga. Ba a sake kira ba.

Ina nan tsugune har na ji kiran sallar Amm Sa'id. Na bi katanga da lalube na sauka gida. Baba bai dawo ba. Inna ta rufe masa kwanonsa da faifai ta ajiye kusa da wuta. Amm Sa'id da ya ji, ko ruwa bai gama sha ba ya fita, ya tara maƙwabta, suka hura wuta a kan soro, suka yi ta ihu suna harba bindiga sama. Gabas suka nufa, don ni na ce musu gabas ya yi. Hazon nan kwana uku bai ɗaga ba. Kwana uku Inna tana ɗumama kwanon nan tana mayarwa. Rana ta huɗu gari ya washe tas, wani makiyayi ya hango shi daga sama. Da igiya aka sauka aka ɗauko shi. Damin itacen yana nan ɗaure a bayansa.

Bayan an binne shi Amm Sa'id ya zo ƙofar ɗakinmu ya tsuguna, gemunsa jiƙe da hawaye. Ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne, inda Baba ya zame bai fi jifa ɗaya daga gonata ba. "Ya binti, 'yata, ba ki ji shi ba? Bai yi kira ba? Na gaya masa tun ranar da kuka zo, a nan in dabab ya kama ka, ka tsaya ka yi kira. Duk wanda ya ji zai amsa, ya yi ta amsawa har ka iso. Ko maƙiyinka ne sai ka amsa masa. Ba a shiru a dabab."

Baba ya ji wannan ƙa'ida, ya riƙe ta, ya yi aiki da ita. Bai zaci sai ya faɗa mana ba, don a ganinsa wace 'ya ce za ta ji ubanta ta ƙi amsawa? Ni kuma na riƙe ta Inna. Na dubi tsohon nan na ce masa da Larabci, "Ban ji komai ba, ya Ammi." Inna tana bayana tana tsefe wa ƙanwata kai. Hannunta ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya ci gaba. Ba ta tambaye ni ba, ranar ko bayanta. Amma daga ranar ban sake jin ta yi wa wani ɗa ko jika wannan gargaɗin ba, ita da ba ta mantuwa.

Ba mu da inda za mu, don haka muka zauna har girbi. Ni na koma kan katangar nan da garwata, kullum, ina kallon yamma. Bayan salla mutanen ƙauyen suka fito mana gayya, maza da mata, suka yanke alkamar cikin kwana biyu, suka sussuka, Amm Sa'id ya ba mu rabon Baba har da ƙari. Da buhunan nan muka sauko Jidda, su muka ci kusan shekara. Ƙannena suka yi ƙiba. Ni duk lomar da na kai baki sai ta tsaya mini a wuya, amma ina ci, don yunwa ba ta san kunya ba.

Ga ni yau a cikin karafan mai na'urar ɗumama ɗaki, firji cike da sambusa da nonon laban, bargo uku a kan gado, shorba tana tafasa. Duk abin da muka rasa a wancan azumin yana kewaye da ni, kuma na sake tsugunawa a bayan wani abu na toshe bakina, mutum yana waje.

"Uwata!"

Na biyu ke nan. Ya fi na farko kusa. Kaftin ya sunkuyar da kai ya cusa cikin fiffike. Na san sarai Baba yana cikin ƙasa shekara talatin da uku. Na san in akwai lokacin da maganar Inna ta dace, to yanzu ne, don wannan karon ba shakka ba mai rai ne yake kira ba. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Amma Abu Faisal yana cikin farin nan da silifa, da ciwon suga, da azumi a bakinsa, bai san inda dutsen ya yanke ba, don ban gaya masa ba. Na ce a raina, in hankalina za su ɗauka su ɗauka. Na dafa firji na miƙe, na zare sakata, na buɗe ƙofa. Sanyi ya mare ni.

"Uwata!"

"Na'am!" Muryar ta fashe mini kamar ta yarinya. "Na'am, Baba! Ga ni nan! Nan nake, Baba, biyo ta nan!"

Da ta buɗe kuma sai ta ƙi rufuwa. Na sauko daga matakala na tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi, na riƙe ƙofar da hannu ɗaya, ina ta amsawa. Na'am, ga ni nan, na'am. Maƙogwarona a bushe, ina jin ɗanɗanon jini, ina kuka ina ihu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Hazon ya fara yin toka-toka alamar rana ta kusa faɗuwa, sai na ji takun mutum a kan tsakuwa, daga yamma, yana jan ƙafa ɗaya. Wani abu dogo fari ya fara fitowa. Ban gudu ba, amma na rufe ido.

"Ummu Faisal."

Shi ne. Silifa ɗaya a ƙafa, gwiwar rigarsa a yage da jini, Mishmish a cikin ƙirjinsa ta leƙo da kai. Na kama shi da hannu biyu na ja shi ciki na rufe ƙofa. Ya zauna a bakin gado yana haki, leɓensa sun yi fari. Na duba agogo, lokaci ya yi, na tura masa dabino a baki na ba shi ruwa. Sai da ya sha kofi biyu ya iya magana.

"Na kama magen, na juyo, na rasa motar. Ina ta tafiya ina zaton kwalta na nufa. Ƙasa ta fara gangarawa, ƙafata ɗaya ta zame, silifan ya tafi. Wallahi, ya Hafsa, ban ji inda ya faɗi ba. Ina nan durƙushe ban san gaba ba ban san baya ba, sai na ji ki a bayana."

"Ka yi kira?"

"Da wane numfashi? Ko tari na kasa." Ya sauke magen a kan bargo, ya dube ni. "Wa kike ce wa Baba?"

Na kashe wutar shorba. Na zauna a ƙasa a gabansa, na gaya masa duka, tun daga garwar har ƙaryar da na yi wa Amm Sa'id, har hannun Inna da ya tsaya. Mutumin da ba ya iya barin a gama zance bai sa baki ba, ranar bai katse ni ko sau ɗaya ba. Da na gama ya kalli gilashin taga, inda ba a ganin komai. Sannan ya sauko daga gadon da ƙyar, da gwiwarsa mai ciwo, ya zauna kusa da ni.

"Sau nawa ya kira ki a wancan ranar?"

"Tara."

"Yau fa?"

"Uku," na ce. "Da na amsa, bai sake ba."